Rigar Aro da Rigar Kowa: Hasashen Ƙarshen Taurarin Wasannin Gargajiya a Arewacin Zazzau



GABATARWA

Hausawa suna cewa mutuwa rigar kowa ce. Suna kuma cewa zanen aro ba ya rufe katara. Wannan lacca za ta tsaya ne tsakanin maganganun nan biyu, domin ta duba wata tambaya wadda a jin farko za a ɗauke ta abin dariya. Tambayar kuwa ita ce: mutanen nan da yara da samari suke zama cikin wasa, irin su Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani da Gwamnan kalankuwa, in da za su mutu, wace irin mutuwa za su yi?

Kafin a yi nisa ya kamata a rarrabe abu biyu waɗanda baki ya saba haɗawa. Akwai mai wasa, watau yaro ko saurayi mai rai, wanda aka haifa, aka yanka masa rago, aka raɗa masa suna. Akwai kuma wanda yake zama idan ya shiga fage, wanda masana adabi suke kira tauraro. Tauraro ba shi da jini, ba shi da tsoka. Riga ce kawai, tare da hali da salon magana da irin tafiya, wadda mai wasa yake ara ya sa na ɗan lokaci, sa'an nan ya tuɓe. Ajalin mai wasa yana hannun Ubangijinsa, ba shi ne abin magana a nan ba. Abin magana shi ne ajalin rigar.

Ƙasar da za a kafa misalai a kanta ita ce arewacin Zazzau, musamman Ikara da Maƙarfi da Kudan. Lokacin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 Ikara ce ƙaramar hukumar wannan yanki. Daga baya aka cire Maƙarfi, a 1996 kuma aka cire Kudan, aka sa hedkwatarta a Hunƙuyi. Ƙasa ce ta manoma, ta dawa da masara da rake da tumatir, tsakanin birnin Zariya da iyakar Kano. A irin wannan ƙasa wasa yana da lokutansa sanannu. Akwai kaka, sa'ad da amfani ya shiga rumbu, aljihu ya yi nauyi, jiki ya huta. Akwai kuma watan azumi, sa'ad da dare yake zama rana ga yara.

WASANNIN DA TAURARINSU

Wasa biyu ne suka fi dacewa da wannan nazari. Na farko shi ne tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kwana goma. Bayan an sha ruwa yara suna fita ƙungiya-ƙungiya, gida-gida, wani ya yi shigar tsoho, wani ta mai magani, wani ta malami, sauran suna amshi, a ba su hatsi ko kuɗi su ƙara gaba. Na biyu shi ne kalankuwa, wasan samari da 'yan mata na lokacin kaka, inda ake kafa gwamnatin wasa ta 'yan kwanaki: a naɗa sarki ko gwamna, da alƙali, da 'yan doka, da likita, a kafa dokoki, a kama wanda ya karya, a ci shi tara. Malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazarin irin wannan biki a ƙauyen Bomo, kusa da Samaru. Yana da 'yan'uwa a wasu wurare, kamar wasan gauta na gidajen sarauta, inda mata suke kwaikwayon sarki da fadawansa, da wasan kara na Damagaram a Jamhuriyar Nijar.

Waɗannan wasanni sun bambanta da wasan kwaikwayo na dandamali ta hanya ɗaya muhimmiya. Babu rubutaccen littafi da ake hardacewa, babu kuma labulen da ya raba mai wasa da mai kallo. An dai san tauraron, an san halinsa. Abin da zai faɗa wa maigidan da ya tarar a zaure kuwa, da hukuncin da alƙalin wasa zai yanke wa saurayin da aka gurfanar, wannan ya rage ga basirar wanda ya sa rigar a wannan dare.

Duk wanda ya bi waɗannan wasanni da lura zai ga wani abu guda: babu tauraron da yake mutuwa a cikinsu. Ana duka, ana ɗauri, ana tara, ana kunyatarwa, amma ba a kaiwa ga likkafani. Haka abin yake ga Gizo a tatsuniya. Ya sha duka, ya sha ƙuna, ya faɗa rami, amma gobe da dare yana nan da tsamin bakinsa, Ƙoƙi tana gefensa, kamar ba abin da ya faru.

DALILIN DA YA SA BA A MUTUWA A FAGE

Dalili na farko na addini ne. Musulmi ya yi imani cewa lokacin mutuwa da wurinta suna cikin abubuwan da Allah kaɗai ya sani, saboda haka ba ya sakin jiki da mai yin raha da ita. Na biyu na al'ada ne. Bahaushe yana tsoron baki, yana ganin abin da aka yawaita ambata kamar kiransa ake yi. Shi ya sa in yaro ya miƙe ya lulluɓe da farin zane yana kwaikwayon gawa, babba zai daka masa tsawa. Harshen ma kansa kewaye yake yi: ba a cika cewa mutumin kirki ya mutu ba, sai a ce ya rasu, ko ya kwanta dama, ko Allah ya yi masa cikawa.

Dalili na uku shi ne rabon aiki tsakanin sassan adabi. Ba wai Hausawa suna gudun zancen mutuwa ba ne. Sun ba ta gida nata na kanta, watau wa'azi. Waƙoƙin wa'azi tun daga zamanin masu jihadi har zuwa Infiraji ta Aliyu Namangi na Zariya cike suke da tunatarwa kan ƙarewar duniya da kwanciyar kabari. To, da yake wa'azi ya ɗauki wannan kaya, sai aka bar wa wasa gyaran zaman duniya: rowa da ƙarya da munafunci da zalunci da zaman banza. Wasa yana nuna hali, ya bar mai kallo ya ƙarasa sauran a zuciyarsa.

YADDA ABIN YAKE A WASU ƘASASHE

Zai taimaka a leƙa waje kaɗan, domin a can an daɗe ana kokawa da wannan tambaya. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutane ne suke zama kewaye da tebur, kowa ya ƙirƙiri tauraronsa, mayaƙi ko boka ko ɓarawo, ya rubuta ƙarfinsa da wayonsa a takarda. Mutum ɗaya yana jan labari, sauran suna faɗin abin da taurarinsu za su yi, a jefa ƙwaya irin ta ludo, wata ma mai fuska 20, ita ce za ta nuna an yi nasara ko an faɗi. Kowane tauraro yana da adadi na ƙarfin rai. Duk raunin da ya samu sai a rage, in ya ƙare ya mutu ke nan. A wani wasan mai suna Traveller, wanda ya fito a 1977, tauraro yana iya mutuwa tun ana cikin tsara tarihinsa, kafin a fara wasan ma. Masu irin wannan wasa sukan riƙe tauraro ɗaya shekara da shekaru, saboda haka sukan zauna suna tattauna irin ƙarshen da ya dace da shi, ko a fagen fama, ko a kan gado bayan tsufa.

Marubuta ma sun sha fama. Arthur Conan Doyle na Birtaniya ya gaji da tauraronsa Sherlock Holmes, ya jefa shi cikin wani magangarin ruwa a 1893; masu karatu suka ƙi yarda, har a 1903 ya dawo da shi da rai. Cervantes na Sifen kuwa, bayan wani ya fitar da ci gaban littafinsa na jabu a 1614, sai ya kashe tauraronsa Don Quixote a kashi na biyu da ya fitar a 1615, don kada wani ya sake hawa kansa.

Abin da za a tsinta a nan shi ne, mai kashe tauraro shi ne mai shi. Ko dai marubucin da ya ƙirƙire shi, ko ɗan wasan da ya riƙe takardarsa. Wannan ya bayyana abin da ya faru a ƙasar Hausa kanta da taurarin rediyo da talabijin da finafinai. Da Rabilu Musa ya rasu a watan Disamba na 2014, abin da ya cika gari shi ne Ibro ya rasu. Da Usman Baba Pategi, tsohon sojan da ya daɗe yana fitowa a rediyo da talabijin na Kaduna, ya rasu a watan Nuwamba na 2023, cewa aka yi Samanja ya rasu. Riga ta manne da jikin mai ita har ba a iya raba su, aka binne su tare. Duk wanda ya ɗauki salon daga baya, sai a ce kwaikwayon marigayi yake yi.

Tsoho da Gemu kuwa ba na kowa ba ne. Yaron da ya sa gemun auduga a Paki bara ya girma ya bari, ƙanensa ya ɗauka. A daren nan guda kuma akwai wani Tsohon a Gimi, akwai wani a Likoro. Ba mai ikon kashe shi, domin ba mai ikon mallakarsa. Iyakar abin da za a iya shi ne a yi hasashe.

HASASHEN ƘARSHEN TAURARI BIYAR

Abin da zai biyo baya hasashe ne, ba ruwaya ba ce daga magabata. Amma hasashen yana da ƙa'ida. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Saboda haka ƙarshen da za a ba tauraro dole ya fito daga halinsa, kamar yadda rake yake fitowa daga gaɓar da aka binne. Ba za a aiko masa da tsawa daga sama ba, ko mota daga kwana. In aka kasa samo ƙarshen tauraro daga cikin halinsa, to ba a fahimci tauraron ba tukuna.

Na farko, Tsoho da Gemu. Shi ne ya fi kowa kusa da kabari: ga doro, ga sanda, ga rawar jiki, ga tsumma. Mai gaggawa zai ce tsufa ne zai kashe shi. Amma a duba abin da wasan ya ƙunsa. Tsohon nan ba shi da gona, ba shi da ƙarfi, yana rayuwa ne da abin da aka miƙo masa daga cikin gida. Tsufa ya daɗe tare da shi bai kashe shi ba. Abin da zai kashe shi shi ne daren da ya yi sallama a ƙofa ta farko aka ce a yi haƙuri, ta biyu ba a amsa ba, ta uku ya tarar an sa ƙyauren ƙarfe da kwaɗo. Zai zauna a dakalin masallaci ya huta, da asuba ladan ya taɓa shi ya ji sanyi. Ma'aikacin da ya taɓa ganin tsofaffi a layin tantance 'yan fansho, da takardu cikin leda, ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan.

Na biyu, Jatau Mai Magani. Shi kuwa ba cutar da ba shi da maganinta. Buhunsa cike yake da saiwoyi da ɓawo da ƙulle-ƙulle, bakinsa ya fi buhun cika. Ba babbar cuta ce za ta kayar da shi ba. Zazzaɓin cizon sauro ne na damina, irin wanda ƙaramin asibitin karkara yake warkarwa cikin 'yan kwanaki. Ba zai sha nasa maganin ba, domin ya fi kowa sanin abin da ya ƙulla a ciki. Wanzami ba ya son jarfa. Ba zai je asibiti ba kuma, domin in aka gan shi a kan benci yana jiran kati, kasuwarsa ta mutu a Maƙarfi da kewaye. Tsakanin sanin gaskiya da tsoron a san ya sani, nan zai cika, ya ta da kai da buhun maganinsa. Jatau yana da 'yan'uwa masu yawa waɗanda ba sa sayar da saiwa: duk wanda aka ɗora kan aikin da bai iya ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya.

Na uku, malamin da ake zargi da rawa. A wannan tashe yara suna tuhumarsa, yana musantawa da ƙarfi, har garin nuna yadda abin ya faru ya taka rawar a gaban kowa. Wannan tauraro ba zai mutu da wuri ba. Zai daɗe ƙwarai, kuma wannan ne hukuncinsa. Almajirai za su janye ɗaya bayan ɗaya, a daina kawo masa sadakar suna, a daina tsayawa gaishe shi, ya rage daga shi sai buzu da allunan da ƙura ta rufe. Irin wannan Hausawa suke kira mutuwar tsaye. Abin lura shi ne, ba rawar ce ta kashe shi ba, musun ne. Da ya ce ya yi, ya tuba, da an yi dariya an manta. Baki shi ke yanka wuya.

Na huɗu, Gwauro. A tashen gwauro ana ɗaure mutumin da ba shi da mata da igiya, a yi masa ado na ban dariya, a zaga gari da shi. A birnin Kano har sarauta ake da ita ta wannan sha'ani, watau Nalako. Gwauro ya fita dabam, domin shi kaɗai ne tauraron da mutuwarsa abin murna ce. Ranar da aka shafa fatiha, aka raba goro, Gwauro ya mutu, mutumin ya rayu. Amma yana da ƙarshe na biyu wanda ba a faɗa cikin waƙa: ɗaki a ƙarshen gari, ciwo na kwana uku, ba mai miƙo ruwa, ba wanda ya lura ƙofa ba ta buɗe ba. Igiyar da ake ɗaura masa da dariyar da ake yi masa, duk da zafinsu, ƙoƙari ne na jama'a na tura shi ga ƙarshen farko don ya tsira daga na biyu.

Na biyar, Gwamnan kalankuwa, kuma a kansa ya kamata a daɗe. Shi kaɗai ne cikin taurarin nan aka yanka wa ajali tun ranar naɗi. Ya san kwanakinsa. Yau ana yi masa kiɗa, 'yan doka suna buɗe masa hanya, sa'o'insa suna faɗuwa suna gaisuwa, dattawan gari ma suna biye wa wasan su biya tara suna murmushi. Jibi zai mayar da babbar rigar ga kawunsa da ya ara masa, ya ɗauki adda ya nufi gonar rake, ko ya tsaya bakin tukunyar mazarƙwaila tare da wanda ya ci tara shekaranjiya. Saboda haka mutuwarsa iri biyu ce. Akwai Gwamnan da ya yi mulki yana tuna jibi, ya yi tara da sauƙi, ya raba abin da aka tara a fili, ya tuɓe rigar da hannunsa. Wannan ya yi kyakkyawan ƙarshe, baɗi ma za a so a sake ba shi. Akwai kuma wanda rigar ta shiga kansa, ya huce haushin gaba a kan abokan hamayyarsa wajen 'yan mata, aka tashi wasa yana nan yana jiran a ce masa ranka ya daɗe. Wannan sai an tuɓe masa da ƙarfin dariya, kuma sunan Gwamna zai bi shi har tsufa a matsayin zolaya.

A nan wasan ya daina zama na ƙauye kaɗai. Dokar aikin gwamnati ta yanka wa ma'aikaci shekara 35 ta aiki ko shekara 60 ta haihuwa. Tsarin mulki na 1999 ya yanka wa gwamna shekara 4, sau biyu in ya yi yawa. Shugaban ƙungiyar ɗalibai ma shekararsa ɗaya. Kujera da mota da masinja da hatimi duk rigar aro ce, kuma duk wanda ya sa ta an gaya masa ranar tuɓewa. Saurayin Kudan da ya yi gwamna na 'yan kwanaki ya koyi darasin da wasu manya suke kai wa ranar ritaya ba su koya ba, watau yadda ake sauka. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

MUTUWAR DA BA TA BUKATAR HASASHE

Duk waɗannan ƙarshe biyar cikin tunani suke. Amma akwai mutuwa ta haƙiƙa da take samun taurarin da ba su da mai su, kuma tana zuwa ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce abin da ake kwaikwaya ya gushe. Wasa madubin zamaninsa ne. Lokacin da Razdan da Di'o suke yawon rangadi, samari suna da dalilin sa hular kwano da gajeren wando su yi ta gwaranci. Da mulkin mallaka ya ƙare a 1960, gyaran 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e da ofishin Di'o, sai rigar ta rasa abin da za ta nuna. Yaron yau bai taɓa ganin Di'o ba, ba zai kuma yi dariyar kwaikwayonsa ba. Wannan mutuwa ba abin kuka ba ce, domin tana barin magaji: Ciyaman da Kansila da Kwamishina sun isa su cika gurbin. Sarki goma, zamani goma.

Hanya ta biyu ita ce a rasa mai ɗaukar rigar, kuma ita ce abin tsoro. Talabijin da wayar hannu sun cinye daren da a da na tatsuniya da dandali ne. Samari da yawa suna barin ƙauye da zarar an gama girbi, su tafi cin rani ko aikin acaɓa a birni, lokacin da a da na kalankuwa ne. Rashin tsaro ya sa iyaye ba sa sakin yara da dare. A birane kuma 'yan daba sun shiga rigar tashe suna ƙwace, har a 2024 rundunar 'yan sanda ta Jihar Kano ta hana yin sa. Ba za a zargi uban da ya kulle ƙofarsa ba, ko hukumar da ta tsare rayukan jama'a. Amma ya kamata a san abin da ake asara. Tauraron da ba shi da littafi, numfashinsa shi ne maimaitawa. Yaro yana koyon Jatau ne ta bin yayansa yana amshi. In aka yi 'yan shekaru a jere ba a fita ba, sai a sami tsarar da ba ta taɓa amshi ba, ita kuwa ba ta da abin da za ta koya wa ta bayanta. Babu jana'iza, babu zaman makoki. Wata rana dai wani dattijo zai ambaci sunan, jikokinsa su tambaye shi ko wane ne.

ABIN DA YA RAGE A YI

Ɗalibai, musamman 'yan asalin wannan yanki, suna da aikin da ba mai yi musu. Hutun da ake zuwa gida dama ce ta zama da tsofaffi maza da mata, a rubuta wasannin da suka yi da ƙuruciya, da sunayen muƙaman kalankuwar garinsu, da dokokinta, da yadda ake rufe ta. Ƙauye da ƙauye sun bambanta, kuma bambancin shi ne dukiyar. Malaman makaranta suna iya mai da tambayar wannan lacca aikin insha'i: a ba yara tauraro, a ce su rubuta ƙarshensa, su kawo hujja daga halinsa. Yaron da ya iya wannan ya fara koyon hangen abin da aiki yake haifarwa, wanda shi ne tushen hankali.

Sai dai rubutu da ɗaukar hoto ajiya ce kawai, kamar rigar da aka ninke cikin adaka. Riga ba ta tafiya sai da mutum a ciki. Wannan kuwa ya rataya a wuyan ma'aikatan ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da masu unguwanni: a ware fili, a sa lokaci tun da sauran haske ko da farkon dare, a sa manya su tsaya, a raba mai wasa da ɓata-gari maimakon a haɗa su a kore. Kuɗin da wannan zai ci kaɗan ne. Abin da ya fi bukata shi ne wani ya ɗauke shi aikinsa.

KAMMALAWA

An ga cewa taurarin wasannin gargajiya ba sa mutuwa a fage, saboda addini da al'ada sun ajiye zancen mutuwa a wani gida dabam, kuma saboda ba mutum ɗaya ne ya mallake su ba. An ga kuma cewa hasashen ƙarshensu ba wasa da mutuwa ba ne. Hanya ce ta auna hali da abin da yake jawowa, ga tsoho da mai magani da malami da gwauro da mai mulki. Wanda ya saba tambayar yadda tauraro zai ƙare, da wuya ya manta tambayar yadda shi kansa zai sauka daga kujerar da yake kai. Taurarin kuwa, ransu yana hannun jama'ar Ikara da Maƙarfi da Kudan da sauran ƙasar Hausa: muddin akwai yaron da zai liƙa gemun auduga, akwai kuma gidan da za a buɗe masa ƙofa, Tsoho yana nan da sauran kwana.

Allah ya sa a yi kyakkyawan ƙarshe.